Wace Unguwa Za Ka Sauka a Milan?

Baƙon da ya zo Kano sarin atamfa a Kantin Kwari, aka kama masa ɗaki a Janguza don ya fi arha, kafin ya biya kuɗin adaidaita safe da yamma, ya sha cunkoson Kabuga, arhar nan ta tashi a banza. Haka lissafin yake a birnin Milan na ƙasar Italiya, sai dai can da Yuro ake biyan kuskuren. Yawancin masu zuwa daga nan harkar fata ce ke kai su, ko takalma da jakunkuna, ko injinan jima, wasu kuma asibiti ko makaranta. Kowanne daga cikinsu yana da ƙofa guda da zai riƙa shiga kullum da safe. Daga wannan ƙofar ake fara neman masauki, a bi layin jirgi a dawo baya har a kai inda aljihu zai iya.

Ka fara sanin shimfiɗar garin

Milan ba ta kai Kano yawan jama'a ba. Mutanen cikin birnin kusan miliyan 1.4 ne, kuma an gina shi zobe cikin zobe. A tsakiya akwai Duomo, babbar majami'ar da aka fara ginawa a 1386. Zoben farko tsohon gari ne, na biyu ya bi sawun tsohuwar ganuwa kamar yadda titi ya bi badala a nan, na uku kuwa babban titin kewaye ne da bas mai lamba 90 da 91 ke zagayawa dare da rana. Duk abin da ke cikin zobe na biyu tsada gare shi. Tsakanin na biyu da na uku nan ne yawancin masaukin da ya dace da mai harka. Bayan na uku kuma sai an duba titi-titi, domin akwai mai kyau, akwai wanda da dare ba ka so ka ja akwati a cikinsa.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda can ake ce wa metro, layi biyar ne, kuma da launi ake gane su: M1 ja, M2 kore, M3 rawaya, M4 shuɗi, M5 shunayya. Tikiti ɗaya, a farashin da aka sa tun 2023, Yuro 2.20 ne, yana aiki minti 90 a metro da bas da jirgin kan titi. Na yini guda Yuro 7.60, na kwana uku 15.50. Metro yana tashi daga aiki wajen sha biyun dare ko da ɗan wucewa.

Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: masauki kada ya wuce tafiyar minti bakwai zuwa goma a ƙafa daga bakin tashar metro, kuma tashar ta kasance a kan layin da zai kai ka wurin harkarka ba tare da canji ba, ko da canji ɗaya tak. Tallan otal zai ce maka "kusa da tsakiyar gari". Wannan magana ba ta da ma'auni. Ka kwafi adireshin ka sa a taswirar waya, ka nemi hanyar ƙafa zuwa tasha, sannan ka nemi hanyar jirgi zuwa inda za ka, ka sa lokacin ƙarfe takwas na safiyar ranar aiki. Abin da ya nuna maka shi ne gaskiyar wurin.

Akwai kuma wata dabara a cikin adireshin kansa. Lambar gidan waya ta cikin birnin Milan tana farawa da 201, daga 20121 zuwa 20162. In ka ga 200 a farko, kamar 20017 ta Rho ko 20099 ta Sesto San Giovanni, to wani gari ne daban a gefen Milan, ko da sunan otal ɗin yana ɗauke da kalmar Milano, ko da an rubuta MI a ƙarshe, domin MI ɗin lardi take nufi. Ba laifi ba ne sauka a irin waɗannan garuruwa, Sesto ma layin ja yana shiga cikinta. Laifin shi ne ka biya kuɗin cikin gari ka kwana a wajensa ba ka sani ba.

In baje koli ne ya kai ka

Nan ne aka fi yin asara. Milan tana da filin baje koli biyu. Tsohon yana cikin gari wajen Portello da Amendola, inda aka gina unguwar CityLife a kan mafi yawan filinsa, aka bar zauren taro. Sabon, wanda aka buɗe a 2005, yana Rho, a ƙarshen layin ja ta arewa maso yamma. Manyan baje kolin da suka shafi mutanenmu, wato Lineapelle na fata da kirgi, MICAM na takalma, Mipel na jakunkuna, da Simac Tanning Tech na injinan jima da ɗinkin takalmi, duk a Rho ake yin su. Otal da yawa a kusa da tsohon filin har yanzu suna da kalmar Fiera, wato baje koli, a sunansu. Mutum ya gani ya ɗauka a bakin ƙofa zai kwana, sai ya tarar da tafiyar minti ashirin a jirgi. Wannan ma da sauƙi in otal ɗin yana kan reshen da ya dace.

Domin layin ja reshe biyu ne. Daga tsakiyar gari jirage suna tafiya tare har tashar Pagano, daga nan wani ya nufi Rho Fieramilano, wani ya nufi Bisceglie. A bakin dandamali ɗaya suke tsayawa, launinsu ɗaya. Sai ka ɗaga kai ka karanta allon da ke sama da goshin jirgin kafin ka shiga. Wanda ya kama ɗaki a Wagner, De Angeli, Gambara ko Bande Nere yana kan reshen Bisceglie ne, kullum sai ya koma baya zuwa Pagano ya canza. Tashoshin reshen Rho su ne Buonarroti, Amendola, Lotto, QT8, Lampugnano, Uruguay, Bonola, San Leonardo, Molino Dorino, Pero, sai Rho.

A cikin waɗannan, tsakanin Pagano da Lotto ne ya fi dacewa da mai baje koli. Unguwa ce ta masu hali, shiru, tituna masu faɗi, ga manyan kantuna, kuma Lotto mahaɗa ce da layin M5. Daga QT8 zuwa Molino Dorino rukunin gidajen kwana ne kawai, da dare ba ka samun inda za ka ci abinci kusa. Pero da Rho kansu suna da otal na kusa da fili, amma a makon baje koli su ne farkon cika kuma farashinsu ke fara tashi, sannan da an tashi da yamma babu abin yi sai kallon bango. Abu ɗaya game da Lotto: filin ƙwallo na San Siro yana kusa, ranar da Inter ko AC Milan ke wasa a gida tashar takan cika maƙil. Wanda ke son kallon wasan kuwa, faɗuwa ta zo daidai da zama.

In cikin gari ya cika ko ya fi ƙarfinka, ka duba layin dogo na S5. Jirgi ne na unguwannin waje da ke tsayawa a tashar Rho Fiera, ya wuce Parabiago, garin masu yin takalma, da Legnano da Busto Arsizio da Gallarate. Ɗaki a bakin tashar ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa ya fi ɗaki a cikin Milan da ke nesa da metro, ga shi ɓangaren filin jirgin Malpensa ne. Sharaɗin dai a bakin tasha yake, domin otal na gefen babbar hanya a can don masu mota aka yi shi. Tikitin Yuro 2.20 yana kaiwa har Rho Fiera daga cikin gari, amma bai kai waɗannan garuruwan ba, nasu daban ne.

Lokaci ma yana cikin zaɓin unguwa. Baje kolin fata da takalma kan zo wajen Fabrairu da Satumba, kusa da makon nunin tufafi na garin, a watan Afrilu kuma akwai Salone del Mobile na kayan ɗaki, wanda ya fi kowanne tayar da farashi. Ɗakin da aka saba bayarwa a farashi mai sauƙi yana iya ninkawa biyu ko fiye. Tunda dai takardar shaidar masauki tana cikin abin da ake nema wajen biza, ka kama ɗakin tun wata biyu ko uku kafin tafiya, ka zaɓi wanda ake iya sokewa ba tara, ka rubuta ranar ƙarshe ta sokewar a inda ba za ka manta ba. Biza ba a hannunka take ba.

Centrale, da abin da ke bayanta

Jiragen da ake bi daga Kano ta Alƙahira ko Addis Ababa a Malpensa suke sauka, kimanin kilomita 50 daga gari. Jirgin ƙasa na Malpensa Express kala biyu ne: ɗaya yana zuwa Cadorna cikin ƙasa da minti 40, ɗayan ya bi ta Porta Garibaldi zuwa Centrale, babbar tashar jirgin ƙasa ta garin, cikin kusan awa guda. Tasi daga can farashinsa ƙayyadadde ne kuma ya haura Yuro 100. Mai masauki a kan layin ja ya hau na Cadorna, domin layin ja da kore duk suna nan. Cadorna ɗin kanta masauki ne mai kyau ga mai iya biya: jirgi ɗaya daga filin jirgi, jirgi ɗaya zuwa Rho, Duomo kuma da ƙafa ma ana zuwa.

Centrale, babbar tashar da aka buɗe a 1931, ita ce unguwar da baƙi suka fi faɗawa, kuma akwai dalili. Otal sun fi yawa a nan, daga mai tauraro ɗaya har biyar, gasa ta sa farashi ya fi sauƙi, ga shagunan kebab da na 'yan Bangladash da ke kai dare a buɗe. Wanda zai riƙa fita wasu garuruwa ba shi da wurin da ya fi nan. Jirgi mai gudu yana kai Bolonya cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, Fulorans ƙasa da awa biyu kaɗan, Rum wajen awa uku. Mai zuwa majemun Arzignano ta Vicenza zai bi, mai zuwa na Santa Croce sull'Arno ko kasuwar yadi ta Prato ta Fulorans, duk daga wannan tasha.

Aibinta biyu ne. Na farko, layin ja bai bi ta nan ba, kore da rawaya ne kawai, don haka mai zuwa Rho sai ya canza a Cadorna ko Duomo ko ya nemi jirgin ƙasa da ke tsayawa Rho Fiera. Na biyu, dandalin gaban tashar da gefunanta, musamman ƙarƙashin gadojin dogo, da dare matattara ce ta marasa wurin kwana da masu shaye-shaye, 'yan sane kuma a nan da cikin layin rawaya zuwa Duomo suke kiwo. Ba wurin da za a ce kada a je ba ne, wurin da ake shiga da ido biyu ne. In za ka sauka nan, ka zaɓi ɓangaren kudu da gabas, wato titunan da suka gangara zuwa Repubblica ko zuwa Corso Buenos Aires, ka bar waɗanda suka bi jikin dogo ta baya. Akwai kuma abin da ya kamata baƙar fata ya sani ba tare da ɓoye-ɓoye ba: 'yan sanda suna yawan tambayar takardu a wannan yanki. Fasfo ya kasance a jikinka, cikin aljihun ciki, hotonsa da na biza kuma a waya da imel. In ya ɓata, ofishin jakadancin Najeriya yana Rum ne.

Inda ya fi dacewa da yawancinmu

In aka ce a zaɓi wuri ɗaya ga Bakanon da ya zo kwana biyar zuwa goma, harka da ɗan sayayya, to tsakanin Porta Venezia da Lima da Loreto ne. Tashoshi uku ne a jere a kan layin ja, a ƙarƙashin Corso Buenos Aires, titin kantuna da ya haura kilomita ɗaya, inda ake samun takalma da sutura a farashin masu matsakaicin ƙarfi. Daga Lima zuwa Centrale tafiyar minti goma ce ko sha biyu a ƙafa. Loreto mahaɗa ce ta ja da kore. A Porta Venezia kuma akwai tashar dogo ta ƙarƙashin ƙasa inda S5 da S6 ke tsayawa, su ma suna kai Rho Fiera, wato hanya biyu ke nan zuwa wuri ɗaya, ranar da ɗaya ta samu matsala ka bi ɗayar. A metro, daga Loreto zuwa Rho ka ware minti 35 zuwa 40, amma a zaune a jirgi ɗaya.

A yankin Porta Venezia akwai tsofaffin gidajen abinci na 'yan Eritiriya da Habasha. Sai dai titunan ciki irin su Via Lecco mashaya ce jere, hayaniya har tsakar dare, don haka ka duba tagar ɗakinka ina take kallo. Daga Loreto ne Via Padova ta tashi ta nufi arewa maso gabas, tafiyar kusan kilomita huɗu, bas mai lamba 56 ke bin ta. Titin baƙi ne: Misirawa, 'yan Maroko, 'yan Bangladash, 'yan Sin, 'yan Latin Amurka. Nan mahautan halal suke, da shagunan shinkafa da kayan yaji, da wurin aika kuɗi, da cibiyar Musulmi da ke lamba 144 inda ake salla. Kwana a Via Padova kanta ya fi arha, kuma farkonta kusa da tashoshin Pasteur da Rovereto ya gyaru sosai a 'yan shekarun nan, amma gidajen tsofaffi ne, wasu ba lif, wasu sassan kuma da dare sai a hankali. Mai tafiya da iyali gara ya kwana ɓangaren Lima ko Loreto, ya riƙa shiga Via Padova cefane.

Maganar salla tana bukatar shiri, domin Milan ba ta da babban masallacin Juma'a irin na Rum. Abin da ke akwai cibiyoyi ne da ɗakunan salla a cikin gine-gine, ba hasumiya ba kiran salla a lasifika. Masallaci mai ƙubba da hasumiya shi ne na Segrate da aka buɗe a 1988, a bakin iyakar gari ta gabas, bayan Lambrate. Akwai wata tsohuwar cibiya a Viale Jenner ta arewa. Wuraren suna cika da wuri ranar Juma'a, wasu cibiyoyin ma a wani fili daban suke yin ta, don haka ka tambayi mahaucin halal na unguwarka tun ranar Alhamis, shi ya fi taswira sani. Wanda ya sauka wajen Lotto, shagunan Larabawa na kusa da shi suna wajen Piazzale Selinunte, da rana ake zuwa. Alƙibla a Milan kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da ka saba fuskanta a Kano ba. A watan Yuni magariba tana wuce ƙarfe tara na dare, isha'i ta kusa sha ɗaya, a Disamba kuwa kafin biyar na yamma rana ta faɗi. Wannan ma dalili ne na kada masauki ya yi nisa: a lokacin sanyi duk dawowarka cikin duhu ce.

Sauran unguwannin a taƙaice

Duomo da Brera da kewayen Via Montenapoleone na mai kwana biyu ne da ya zo ganin gari ko sayen kaya masu suna, kuma kuɗi ba matsalarsa ba ne. Ɗakunan ƙanana, abinci tsada, cefane wahala. A dandalin Duomo in wani ya miƙo maka zaren ɗaurawa a hannu ko tsabar ciyar da tattabaru yana cewa kyauta ne, kada ka buɗe tafin hannunka.

Navigli, unguwar magudanan ruwa ta kudu maso yamma, ita ce hotuna suka fi yaɗawa. Gefen ruwan mashaya ce daga wannan kai zuwa wancan, kiɗa har dare, sauro kuma a lokacin zafi. Mai son barci da wuri ya tashi asuba ba ta shi ba ce.

Garibaldi da Isola sababbin dogayen gine-gine ne, tsaf-tsaf, layin kore da M5 da tashar dogo mai zuwa Malpensa da Rho duk suna nan. In ka samu farashi mai kyau ka kama, babu abin kushewa sai tsada. Kusa da nan Via Paolo Sarpi take, unguwar 'yan Sin, inda har yanzu akwai ragowar shagunan sari, ko da yake manyan dilolin da yawa sun koma wajen gari.

Mai jinya kuwa kada ya bi duk wannan lissafi, ya bi adireshin asibitinsa, domin asibitocin a warwatse suke. Cibiyar cutar daji ta ƙasa da asibitin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa na Besta suna Città Studi, wajen Piola da Lambrate a layin kore, unguwar ɗalibai ce mai natsuwa da gidajen haya na mako-mako. San Raffaele tana can gabas, tasharta Cascina Gobba. IEO, wata cibiyar cutar daji, tana ƙarshen Via Ripamonti ta kudu inda metro bai kai ba, Humanitas kuma a garin Rozzano take. Haka mai zuwa jami'ar Politecnico ya tabbatar wace haraba ce, ta Piola ko ta Bovisa, don ba kusa suke ba.

Otal ko gidan haya

Kwana uku ko huɗu, kai kaɗai, otal ya fi. Akwai mai karɓar baƙi dare da rana, kuma za su ajiye maka akwati, abin da ke da muhimmanci tunda jirgi kan sauka da sassafe, ɗaki kuma ba a bayarwa sai wajen biyu ko uku na rana. In kun kai ku uku, ko za a yi mako guda, gida mai kicin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman saboda abinci. Karin kumallon otal na can burodi mai zaƙi ne da kofi da yankakken naman alade, kuma wasu burodin da kitsen alade ake kwaɓa su. Kalmar da za ka nema a jikin leda ko ka tambaya ita ce strutto. Maiale alade ne, prosciutto da salame da pancetta duk danginsa ne. Da kicin, garin tuwo da kuka da yajin da ka ƙullo sun raba ka da wannan bincike. Kilishi da man shanu dai a bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara, a filin jirgi za a karɓe.

Kafin ka biya kuɗin gida, ga abin da za ka tabbatar. Tun farkon 2025 doka ta wajabta wa kowane otal da gidan saukar baƙi lambar rajista da ake kira CIN, mai farawa da IT, kuma dole ta fito a tallan. Babu ita, ka wuce. Duk wanda ya ce ku koma WhatsApp ka tura masa kuɗi kai tsaye don ya rage maka, ka ɗauka kuɗin sun tafi. Ka tambayi hawa na nawa ne kuma akwai ascensore, wato lif, domin hawa na huɗu a tsohon gini da akwati biyu masu kilo 23 ba wasa ba ne, wasu lif ɗin ma mutum biyu ba kaya suke ɗauka. Daga Yuni zuwa Agusta ka tabbatar an rubuta akwai na'urar sanyaya ɗaki, zafin Milan mai gumi ne irin na Legas, ba kowane gida ke da ita ba. Na'urar ɗumama gida kuma doka ce ke tsara lokacinta, daga 15 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu, saboda haka mai zuwa farkon Oktoba ko ƙarshen Afrilu ya taho da rigar sanyi ta kwana. In ku biyu ne maza za ku raba ɗaki, ku nemi letti singoli, gado biyu ke nan. Matrimoniale gado ɗaya ne na miji da mata, kuma shi ake bayarwa in ba a faɗa ba.

A banɗaki ba za ka tarar da buta ba, amma kusan ko'ina akwai wani ɗan kwano mai famfo a gefen masai, bidet sunansa, don tsarki aka yi shi. Soket ɗinsu mai ramuka zagayayyu ne, cajarka mai ƙafa uku masu faɗi ba za ta shiga ba, ka sayi adafta tun daga Farm Centre ko Beirut, ta fi arha a nan. Ruwan famfo ana sha.

Za a karɓi fasfonka a rubuta, a otal ko a gidan haya, domin dole ne mai masauki ya kai sunanka ga 'yan sanda cikin awa 24. Wanda bai tambaye ka fasfo ba, shi ne abin tsoro. In gidan ɗan'uwa ko abokin harka za ka sauka, shi ma doka ta ɗora masa sanar da hukuma a rubuce cikin awa 48, ka tuna masa cikin ladabi, tarar a kansa take. Akwai kuma harajin kwana da birnin ke karɓa, kan kowane mutum kowane dare, gwargwadon taurarin otal, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani a intanet. An sha ƙara shi, don haka ka tambayi nawa ne yanzu ka ninka da yawan kwanakinku da yawanku kafin ka kwatanta wuri biyu.

Otal da yawa suna son kati a ajiye musu a matsayin jingina ko da ka riga ka biya, katin naira kuma ba abin dogaro ba ne a can, ka tanadi na dala ko na Yuro ka gwada shi kafin ka tashi. Wanda ya yi canji a Wapa ya riƙe tsaba, ya sani daga Yuro 10,000 zuwa sama sai an bayyana wa kwastan a filin jirgi, kuma a cikin Italiya galibi ba a biyan ciniki ɗaya da tsabar da ta kai Yuro 5,000. Takardar Yuro 200 ma ƙananan shaguna kan ƙi karɓa, ka nemi 'yan 50 da 20.

Saura yajin aiki, wanda suke kira sciopero, kuma ya fi faɗowa ranar Juma'a. Ana sanar da shi kwanaki kafin ranar, kuma metro da bas na cikin gari suna aiki daga safiya zuwa 8:45, su dawo daga 3 zuwa 6 na yamma, jiragen ƙasa na waje kuma daga 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na dare. In ranar komawarka ta faɗa kan yajin aiki, bas ɗin Malpensa da ke tashi daga gefen Centrale na kamfanoni masu zaman kansu ne, galibi suna aiki, ka ƙara awa guda a kan lissafinka saboda layi. In kuma jirginka na asuba ne, daren ƙarshe ka kwana a Gallarate ko Busto Arsizio ko otal na bakin filin jirgin mai motar kai baƙi, ka tambayi ƙarfe nawa motar farko ke tashi tun kafin ka biya.